Tambaya da Amsa: Hanyar Shiga Ɗakin Hoto

Wasiƙu uku na ware a wannan wata, duka a kan aikin da na ci abinci da shi shekara 31, wato ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji a asibiti, wanda ake kira eksire. Biyu daga cikin birnin Katsina suka zo, ɗaya daga Daura. Na taƙaita su saboda ƙarancin fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

"Baba, barka da aiki. Ni matashi ne daga Ƙofar Marusa, shekarata 21. Sau biyu ina zana JAMB da niyyar karatun likita, maki bai kai ba. Yanzu wani mai gidan hoto da sikanin a cikin gari ya ce in kawo kuɗi ya koya mani aikin cikin wata shida, ya ba ni takardar shaida, wai da ita zan iya aiki ko'ina. Yayana kuma ya ce in nemi makarantar koyon aikin lafiya in yi kwas ɗin teknishan. Ni dai na gaji da zaman gida. Wanne zan bi? Kuma aikin nan ana ci gaba a cikinshi, ko danna maɓalli ne kurum har a tsufa?"

AMSA

Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Takardar wata shidan nan babu inda za ta kai ka sai shagon wanda ya ba ka ita. Ranar da kuka ɓata, ko ya rufe wurin, ka dawo gida hannu rabbana, ga kuɗi sun tafi ga lokaci ya tafi. A ƙasar nan hukuma ɗaya ce ke da ikon cewa wane ya cancanci ya riƙi ɗaukar hoton eksire sana'a, ita ce hukumar rajistar ma'aikatan rediyografi (wato aikin hoton asibiti) ta Najeriya, RRBN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 42 ta 1987. Ita ke duba makarantu, ita ke yanke yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ita ke ba da lasisi, kuma lasisin duk shekara ake sabunta shi. Babu asibitin gwamnati da zai ɗauke ka aiki da takardar da wannan hukuma ba ta sani ba. Na san zaman gida da ciwo, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bari in raba maka abin da mutane ke cakuɗawa. Mutum uku ne ke aiki a sashen hoto, duk da majiyyaci kowa "likita" yake ce mashi. Akwai likitan hoto, wanda ya gama karatun likita cikakke ya ƙara shekaru yana ƙwarewa, shi ke duba hoton ya rubuta abin da ya gani. Akwai rediyogirafa, irina, wanda ke karɓar majiyyaci, ya tsayar da shi ko ya kwantar da shi yadda ya kamata, ya zaɓi ƙarfin hasken, ya ɗauki hoton, kuma alhakin ingancin hoton da lafiyar wanda aka haska yana wuyanshi. Sai teknishan, wanda ke aiki a ƙarƙashin kulawar rediyogirafa. Kowanne da ƙofar da ya shigo ta nan, kowanne kuma da iyakar inda takardarshi ke kai shi.

A zamaninmu difloma muka yi a makarantar rediyografi ta tarayya da ke Legas. Wannan hanya ta wuce. Yau rediyogirafa sai da digiri, shekara 5 a jami'a. Ana neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, fizis, kimistiri da bayoloji. A JAMB kuwa Turanci, fizis, kimistiri da bayoloji ake zanawa, wato darussa huɗun da ka riga ka zana sau biyu. A nan Arewa akwai kwas ɗin a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga nan a shiga sanin sassan jiki ƙashi-ƙashi, da yadda jiki ke aiki, da fizis ɗin haske, sannan a fara tura ku asibiti kuna aiki a gaban manya. In ka gama, hukuma ta rantsar da kai, ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, ana biyan ka, sannan ka tafi bautar ƙasa. Ka lissafa shekara 7 ke nan in babu yajin aiki. Kada kuma wani ya ce maka shiga da sauƙi. Makin da ake nema yakan yi ƙasa da na likita, amma tazarar ba ta da yawa, don yara sun farga da kwas ɗin kuma gurbin kaɗan ne.

Hanyar da yayanka ya faɗa hanya ce ta gaskiya. Kwas ɗin teknishan a makarantun fasahar lafiya ake yin shi, shekara biyu zuwa uku. A jiharmu akwai irin waɗannan makarantu na gwamnati a Kankiya da Daura, ga kuma masu zaman kansu da ke ta buɗewa kamar shagunan cajin waya. Kowace ka nufa, a jihar nan ko a wata, kafin ka sayi fom ka yi tambaya ɗaya: kuna yin kwas ɗin hoto, kuma RRBN ta amince da shi? A nuna maka takardar amincewar da idonka, ka duba shekarar da ke jiki. "Muna kan hanya" da "ai sun kusa zuwa" ba amsa ba ce. Na ga yara da suka yi shekara uku suna biyan kuɗin makaranta, suka fito da sakamako mai kyau, aka ce masu hukuma ba ta san da zamansu ba. Wata uwa har ofishina ta zo da takardun ɗanta a cikin leda, tana tambaya ko akwai wanda zan yi wa magana. Babu wanda zan yi wa magana. Ranar na kasa cin abincin rana.

In ra'ayina kake nema, ka sake zana JAMB sau ɗaya, ka sa rediyografi a zaɓin farko, ka zauna wa fizis da gaske, don ita ke kayar da yawancin yara. In gida ba za su iya ɗaukar nauyin shekara biyar ba, ka bi ta teknishan da idonka buɗe, ka san matakin albashi da na girma da za ka fara da wanda za ka tsaya duk suna ƙasa da na mai digiri.

Sai maganar danna maɓalli, wadda ta ɗan sosa mani rai, ko da yake ba kai ka fara faɗin ta ba. Maɓallin nan ko daƙiƙa ɗaya ba ya ci. Aikin duk kafin shi ne.

Wata rana da damina aka kawo mani yaro ɗan shekara bakwai daga wani ƙauye ta wajen Rimi. Ya faɗo daga bishiya, an kai shi wurin maɗori, an ɗaure gwiwar hannun da karare da tsumma kwana tara. Da aka kwance, hannun ya kumbura ya yi sulɓi, yatsun sun yi sanyi, yaron ko kallon hannun ka yi sai ya tsandara ihu. Ƙa'idar hoton ƙashi ita ce a ɗauka ta fuska biyu, ta gaba da ta gefe, don karayar da ta ɓuya a ɗaya takan fito a ɗayar. Hoton gaba kuwa yana son a miƙe hannu, ga hannu ya ƙi miƙuwa. Wanda ya koyi aiki a wata shida abin da zai yi shi ne ya sa uban ya danne yaron a ja hannun, ƙila ƙashin da ya karye ya yanki jijiyar da ke kusa. Ni sai na bar hannun yadda yake a kan matashi, na sauko da kan na'urar na juya shi, na jingina kaset, wato allon da hoton ke kamawa a jikinshi, ta ɗaya gefen, na'ura ta bi yaro maimakon yaro ya bi na'ura. Na sa wa uban rigar dalma na ce ya riƙe kafaɗar kurum. Na tsuguna daidai fuskar yaron ina tambayarshi bishiyar me ce, ya ce kanya, na ce ta nuna ko ɗanya ce, kafin ya gama ba ni amsa na koma bayan gilashi na ɗauka. Karaya ce a ƙarshen ƙashin dantse daidai saman gwiwa, ta goce. A daren aka shiga da shi tiyata, hannun ya tsira.

Ka san me ya sa gwiwar hannun yaro ke ruɗa wanda bai yi karatu ba? Wurare shida ne a cikinta da ƙashi ke tsirowa ɗaya bayan ɗaya yayin da yaro ke girma. A hoto sai ka gan su kamar ɓaraguzai a warwatse. Wanda bai san su ba zai ga karaya inda babu, ya kuma wuce ta inda take. Haka ƙarfin haske. Abin da zan ba gwiwar yaro, kilobolt 50 da ɗan ɗori, ba shi zan ba ƙirjin ƙaton mutum ba. Hoton ƙirji kuma ta baya ake harbo hasken, mutum ya manna ƙirjinshi da allo, na'ura tana nesa da santimita 180. In aka matso da ita aka ɗauka ta gaba, zuciya takan fito ta fi girmanta, likita ya duba ya ɗora wa mai lafiya maganin kumburin zuciya. Ga ɗan harafin dalma da muke ɗorawa a gefen kaset don a san dama da hagu. Ƙanƙane ne kamar ƙwandala, amma in ka manta shi ko ka juya shi, ana iya huda ƙirjin da ba shi ke da ruwa ba.

Ba na raina maɗora, ka ji. Sana'ar gado ce, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Yanzu har wasu kan ce wa mutum ya je ya yi hoto tukuna ya kawo masu su gani, in sun ga ta fi ƙarfinsu su ce a tafi asibiti. Waɗannan ina jinjina masu.

Ci gaba kuwa akwai shi. Mai digiri ba a hoton ƙashi kaɗai yake tsayawa ba. Akwai na'urar CT mai yanka jiki fala-fala a hoto, akwai MRI mai aiki da maganaɗisu, akwai sikanin, akwai hoton mama, akwai ɗaukar hoto a ɗakin tiyata lokacin da ake sa ƙarfe a ƙashi, akwai gasa ciwon daji da haske, akwai koyarwa a jami'a. Wuraren aiki a jihar nan sun fi na lokacin da na fara nesa ba kusa ba: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda a da ake kira FMC, da asibitin Janar Amadi Rimi, da na Turai 'Yar'aduwa, da FMC ta Daura, da manyan asibitocin Funtuwa, Malumfashi da Dutsin-ma, ga cibiyoyin hoto masu zaman kansu, ga motocin da ke shiga ƙauyuka da na'urar hoton ƙirji suna neman masu tarin fuka. Majiyyata har daga Maraɗi suke tsallakowa. Wanda ke da lasisi a hannu ban cika ganin ya daɗe yana yawon neman aiki ba. Inda ake shan wuya shi ne samun gurbin shekarar nan ta sanin makamar aiki, wani sai ya yi watanni yana jira.

Kada ka shigo da tunanin gina bene a shekara biyu. A gwamnati tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS ake bi, rufin asiri ne. Akwai kwanan asibiti, akwai kiran ƙarfe biyun dare in mota ta kife a hanyar Kano ko ta Jibiya, akwai ranar da wuta za ta ɗauke kana tsakiyar aiki, akwai watan da na'ura za ta lalace ka zauna kana ba mutane haƙuri suna komawa da ciwonsu. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mani rai a duk shekaruna na aiki.

TAMBAYA TA BIYU

"Malam, ina gaisuwa. Ni uwa ce a Daura, unguwar Sarkin Yara. 'Yata ta samu gurbin karatun hoton asibiti a jami'a, tana ta murna, amma kakarta ta ce ba da yawunta ba, wai hasken yana shanye jini yana ƙone mahaifa. Dangin yaron da ke neman ta ma sun fara ƙananan maganganu. Mahaifinta ya ce in nemo gaskiyar magana kafin a biya kuɗin rajista. Don Allah ka faɗa mani tsakaninka da Allah, in 'yarka ce za ka bari?"

AMSA

Hajiya, tsakanina da Allah zan bari, in kuma raka ta da addu'a. Amma tunda gaskiyar magana Alhaji ya ce a nemo, bari in ba ku ita da tushenta, don ku samu abin faɗa wa Iya kakarta da surukan gobe.

Tsoron da Iya ke ji yana da asali. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske ranar 8 ga Nuwamba, 1895, a garin Würzburg, shi ya sa duk 8 ga Nuwamba muke bikin ranar aikinmu a duniya. Mutanen farko ba su san illarshi ba. Hannunsu suke sawa a gaban na'ura su gwada ta, kullum, shekara da shekaru. Wani mai suna Clarence Dally da ke aiki da Thomas Edison a Amurka sai da aka yanke mashi hannuwa biyu, ya rasu a 1904. To hasken yana da illa, kuma duk malamin da ya ce wa 'yarki ba shi da ita ya cuce ta. Sai dai illar tana bin yawa ne, kuma yawan nan yanzu ana auna shi kamar yadda ake auna hatsi da tiya.

Ma'aunin sunanshi milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abincin da yake ci. Iya ma tana samu a tsakar gidanta. Hoton ƙirji guda kimanin 0.1 ne ga wanda aka haska, wato kwatankwacin abin da mutum ke samu a sati biyu yana zaune a gida. Ma'aikaci kuma doka ta yanke mashi iyaka, kada ya wuce 20 a shekara in aka ɗauki matsakaicin shekara biyar. Abin da ke iya hana mace haihuwa gaba ɗaya kuwa sai ya haura 2,000 a lokaci guda. Ki dubi tazarar da ke tsakani. Ni a shekaruna 31 sakamakon awona bai taɓa kusantar ko rubu'in iyakar nan ta 20 ba, kuma matan da na yi aiki da su sun yi aure sun haihu, wata har tagwaye muka je suna.

Yadda ake yi shi ne, ma'aikaciya ba ta tsayawa inda hasken ke sauka. Tana gyara majiyyaci, ta koma bayan bango mai dalma a ciki ko kankare mai kauri, ta leƙo ta gilashi mai dalma, sannan ta danna. Tana sakin maɓalli haske ya ƙare, kamar an kashe ƙwan lantarki. Ba ya zama a ɗaki, ba ya maƙalewa a tufafi, ba ta kawo shi gida ta shafa wa kowa. Nisa ma kariya ce: in ka ninka tazararka da na'ura sau biyu, abin da zai same ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In aiki ya tilasta tsayawa kusa, kamar a ɗakin tiyata, akwai rigar dalma da abin rufe maƙogwaro. Akwai kuma ɗan baji da muke maƙalawa a gaban riga, yana tara lissafin duk hasken da ya taɓa mu, lokaci-lokaci a aika shi a karanta a rubuta a fayil. Abu na farko da nake hana ɗalibaina shi ne riƙe majiyyaci da kansu lokacin ɗauka. A kira ɗan'uwanshi a sa mashi riga ya riƙe, don shi sau ɗaya zai yi, ita kuwa kullum ce.

In Allah ya kawo juna biyu, ta sanar da shugaban sashe da wuri, kada kunya ta hana ta. Ƙa'ida ta ce abin da ke ciki kada ya samu fiye da milisibat 1 har a haife shi, don haka akan ɗauke ta daga tiyata da zagayen ɗakunan kwanciya da na'urar hoto da ake turawa, a mayar da ita inda babu wannan haske, kamar sikanin, wanda da sauti yake aiki.

Madarar da ake cewa a sha bayan hoto don ta mayar da jini, a sha don daɗi. Ba ta tare haske, kuma hoton bai ɗebi jinin kowa ba.

Inda nake jin tsoro, Hajiya, shi ne irin wurin da na hana ɗan Ƙofar Marusa zuwa. Na taɓa shiga wani gidan hoto a wani gari, an kira ni in duba masu dalilin da hotunansu ke fita dishi-dishi. Ɗaki ne na bulo na gama-gari, ƙofar falanki, bayan bangon da na'ura ke fuskanta tela ne zaune da kekenshi tun safe har dare. Yaron da ke ɗaukar hoton babu baji, rigar dalmar an ninke ta an cusa a kwali har ta tsattsage daga ciki, in hoto bai fito ba ya sake, ya sake, har sau huɗu a kan mutum ɗaya. Akwai hukumar da aka ɗora wa duba irin waɗannan ɗakuna da ba su lasisi, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, amma ƙasar da faɗi. Karatun da 'yarki za ta yi shi ne zai sa ta shiga ɗaki irin wannan ta gane abin da ke ciki tun daga bakin ƙofa, ta ƙi aiki a wurin.

Yanzu bari in roƙe ki wani abu, don ni ma ina da buƙata a wurin 'yarki. Muna ƙarancin mata a wannan aiki ƙwarai. Hoton ƙirji ba ya yiwuwa sai an cire sarƙa, da rigar mama mai ƙarfe, da laya in akwai, a sa rigar asibiti, a kuma dafa kafaɗun mutum a turo su gaba don allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Wata baiwar Allah da aka kawo daga wajen Mai'aduwa, tari ya cinye ta har ana ƙirga haƙarƙarinta, ta tsaya a bakin ƙofata ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita dai a mayar da ita gida. Mijin ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta ƙi. Sai da na aika ɗakin haihuwa aka roƙo wata nas ta bar aikinta ta zo, ina bayan labule ina faɗa mata yadda za ta tsayar da ita. Tarin fuka ne ya ci huhun dama. Da ta koma gida ranar, da ita da 'ya'yan da ke kwana ɗaki ɗaya da ita sai yadda Allah ya yi. Wannan hoton ƙirji ne kurum. Ina ga hoton mama, ina ga hoton mahaifa da ake yi wa matar da ke neman haihuwa, inda ake zuba ruwan magani ta ƙasa a haska a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke? Ki faɗa wa Iya wannan: ɗakin da take tsoron zai hana jikarta haihuwa, nan ake kawo matan da haihuwa ta yi wa wuya a gano masu dalili. Mata nawa ne a Daura da Zango da Baure da Sandamu suka haƙura da ciwonsu don sun ji namiji ne a ɗakin?

Gani ya kori ji. Ki ɗauki Iya, in da hali da uwar yaron, ku je sashen hoto na babban asibiti a ranar da babu cunkoso, ku nemi shugaban sashe ku ce ɗiyarku ce za ta karanci aikin. Ku roƙa a nuna maku bangon, da gilashin, da bajin, a ba Iya rigar dalmar ta ɗaga ta ji nauyinta. Ban san abokin aikin da zai ƙi ba. Sannan a biya kuɗin rajista kafin a rufe.

TAMBAYA TA UKU

"Yaya, ni teknishan ne a Katsina, shekarata tara a aiki. A ɗakin duhu na fara, yanzu an kawo na'urar kwamfuta an rufe ɗakin. Yaran da na nuna wa aiki suna zuwa da digiri suna zama shugabannina. Shin shekarun da na yi ba za su sa a mayar da ni rediyogirafa ba? Kuma da takardata zan iya fita waje?"

AMSA

Ƙanena, na san abin da ke ranka, na kuma san darajar hannun da ya yi aiki a ɗakin duhu. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin jar fitila yana lalubar fim, warin ruwan wanki na hawa mashi kai, yana sane da cewa in ya ɓata wannan sai an sake haska mutum, ya fi yaran yanzu tsoron kuskure. Su kwamfuta na gyara masu haske da duhun hoto, har wani ya yi ta zuba wa majiyyaci haske fiye da kima bai sani ba, don hoton na fita tas. Wannan ilimin naka ka ci gaba da zuba masu shi, ko suna gaba da kai a takarda.

Amma ba zan ɓoye maka ba, shekaru ba sa juya takardar teknishan ta koma lasisin rediyogirafa, ko ka yi talatin. Sai an koma jami'a. Fita waje ma haka take. A Ingila sai ka yi rajista da hukumarsu ta HCPC, kuma karatun da ya yi daidai da digirinsu suke nema, ga jarrabawar Turanci. Saudiyya ma sai hukumar ma'aikatan lafiyarsu ta tantance takardunka daga tushe, ta sa ka a matakin da takardar ta kai, ka kuma zana jarrabawa. Dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai tsallakar da kai duk wannan, ka riƙe fasfonka da kyau.

Shekara tara a aiki, ina zaton ba ka wuce talatin da 'yan kai ba. Lokaci bai ƙure ba. Ɗauko sakamakonka na sakandare yau ka duba kiredit biyar ɗin nan, in akwai giɓi ka cike shi da WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Ka je sashen rediyografi na jami'ar da kake so da ƙafarka, ka tambayi ko suna karɓar takardarka a shiga aji biyu a wannan shekarar, ko sai ta JAMB daga aji ɗaya, don sharaɗin jami'a da jami'a ya bambanta. Na san waɗanda suka bi ta aji ɗaya da iyalinsu da komai, suka fi kowa a ajin in an zo aikin asibiti. Kada kuma ka ajiye aikinka. Ka rubuta neman hutun ƙaro karatu ta hannun shugaban sashenku tun kafin sunaye su fito, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, don irin wannan takarda takan yi watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur kafin a sa mata hannu.